Shekarar da Naman Layya Ya Shiga Firji

Washegarin Babbar Sallar bana na fito baranda da hantsi na zauna, ina ta buɗe hanci kamar mai jiran wani abu. Sai da na jima sannan na gane hayaƙi nake nema. Duk tsawon layinmu a nan Nasarawa ta Kano babu gida ɗaya da hayaƙin itace ke tashi, babu ƙamshin kitse, babu ƙarar sara ƙashi, sai gurnanin janareta daga bayan katangu. A cikin gida kuwa jikata na tsaye a kicin tana ƙulla nama a leda tana jerawa a firiza, waya maƙale a kunnenta. Kafin azahar ta gama da rago guda, ta wanke hannu, ta leƙo ta ce, "Hajiya, shi ke nan, an gama." An gama fa! Aikin da a zamaninmu yake cika tsakar gida da mata har a kwana a wuni ana yi. Ba laifi ta yi ba, kuma aikin nata tsaf. Dariya kawai na yi, na tuna Gwaggo.

Lokacin da aka kawo ni unguwar nan ina amarya, ba haka take ba. Babu waɗannan shaguna da benaye da suka cinye bakin titi. Gidaje ne tsilla-tsilla, kowanne a tsakiyar fili, an zagaye shi da shingen fulawa wanda ko akuya za ta tsallake. Darbejiya da maɗaci sun rufe hanya, mangwaro na faɗowa har ya ruɓe babu mai ɗauka. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin gwamnati ne, gidan ma na gwamnati ne. Ni kuma ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata. Na taso a gidan yawa, inda ko atishawa ka yi sai an amsa maka, don haka shirun Nasarawa ya dame ni ƙwarai. Da rana sai kukan kurciya da ƙararrawar keken mai burodi. Wallahi akwai ranakun da nake kunna rediyo ba don in saurara ba, don dai in ji muryar mutum a ɗaki.

Sau ɗaya a shekara gidan yake zama gida irin wanda na sani, wato da Babbar Sallah, kuma Gwaggo ce take kawo wannan. Ƙanwar mahaifin maigidana ce, ita ta riƙe shi tun yana ƙarami bayan rasuwar mahaifiyarsa. Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta kuma ya daɗe da rasuwa, tana zaune a ɗaki ɗaya a Tudun Wada. 'Yar ƙaramar mace ce, amma muryarta ta fi ta girma. Washegarin Sallah da sassafe za ka ji ta tun daga bakin titi, da ayarin matan dangi a bayanta, na Tudun Wada da na Kawaji da na Tudun Murtala, an ɗauko mata ƙaton kaskonta a ka. Ba ta zama a gaisa sosai. Ta ɗaura ɗankwali a ƙugu, ta nufi bayan gida, ta fara rabon aiki. Wannan ta kafa murhu, waccan ta babbake kai da ƙafa, masu hannu su zauna yanka, masu ƙarfi su kama tabarya. Idan ta ga ana hira hannu ya tsaya sai ta ce, "Ku yi da baki ku yi da hannu, rana na yi, naman nan ba zai jira ku ba."

Gaskiyarta kuwa, ba ya jira. Abin da yaran yanzu ba su sani ba ke nan. A zafin Kano nama ɗanye ba ya kwana biyu lafiya, ko ka soya ko ka bayar. Shi ya sa rabo yake da sauri, kuma yake da yawa. Gwaggo ta san kowa da kasonsa a ka: surukai, maƙwabta, mai gadin ofis, tsohuwar da ke kawo mana kuka da kuɓewa, har Malama Rahila ta gidan da ke kallonmu. Kirista ce 'yar Zariya, tare muke koyarwa, mijinta akawu ne. Ita ma da Kirsimeti takan sa a kira Musulmi ya yanka mata kaji don mu ci shinkafarta da daɗin rai. Abin da ya rage bayan rabo shi ake soyawa a cikin kitsensa har ya yi ƙarau, a barbaɗa yajin da Gwaggo ta dako daga gida, a danna a kwalla. Naman da ta soya yakan yi watanni bai canza ba. Wutsiyar ragon kuma ta busar da ita ta ɗaure, a ajiye sai ranar cika-ciki. Ni dai a wajen aikin nan ba a ba ni wuƙa. Gwaggo takan ce, "Amarya, ke da hannunki ya saba da alli, je ki kawo ruwa." Matan su kwashe da dariya. Nakan yi dariyar tare da su, amma tana yi mini ciwo, don na san a wajensu ni baƙuwa ce, 'yar boko da aka ajiye a unguwar Turawa.

Ana haka maigidana ya sayo firji. Kai, ranar an sha kallo! Fari ƙal, ya fi ni tsayi, samansa da wani ɗaki mai mayar da ruwa dutse. Shi mutum ne mai son sabon abu, duk abin da aka ce ilimi ne ya kawo shi to ya karɓa hannu biyu. Kowa ya zo sai ya buɗe masa, ya yi masa bayani kamar shi ya ƙera. Ni ma ba zan ɓoye ba, na so firjin nan. Miya ta daina tsami, madarar yarinyata ta daina lalacewa. Da azumi ya zo kuwa gidanmu ya zama kamar bakin rijiya, yara daga Tudun Wada suna zuwa da kwanuka kafin magariba a ba su ƙanƙara. A lokacin wuta ba ta wasa da mutane kamar yadda ta koma yi daga baya, sai a daɗe ba a ɗauke ba.

Ana gobe Sallah yake ce mini bana ba za a yi suya ba. Za a yanka, a fitar da na rabo, sauran a zuba a firji a riƙa ci a hankali. Na ce, "Gwaggo fa?" Ya ce, "Ai don ita na yi. Tsohuwa tana wuni a gaban wuta, hayaƙi na cin idonta, ga tari. Yanzu da Allah ya kawo sauƙi ba sai ta huta ba?" Da zuciya ɗaya ya faɗa, na san shi, son Gwaggo yake kamar ransa. Ranar Sallah da aka gama fiɗa ya zaɓi cinya guda mai kyau, ya ba direban ofishinsu ya kai mata, da saƙon cewa bana ta yi zamanta ta huta, an samu firji.

Kafin la'asar cinyar ta dawo, a cikin kwanon da ta tafi. Direban ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce, "Ta ce a gode ƙwarai. Ta ce a mayar a sa a firjin, ita ba ta da inda za ta ajiye." Maigidana kuwa ko a jikinsa, wai halin tsofaffi ne, gobe za ta huce. Gobe ta yi, ba ta zo ba. Ba ita kaɗai ba, ko mace ɗaya daga dangi ba ta leƙo barka da Sallah ba. Gida ya yi tsit, firji na ta gunjinsa a hankali, cike da nama har ƙofa. Bai lalace ba, ko kaɗan, ya yi aikinsa yadda aka ce zai yi. Tsohuwar mai kuka ce ta kawo mini labarin abin da ake faɗa a Tudun Wada: wai amarya ce ta ce ba ta son ƙazantar 'yan cikin unguwa a gidanta, ta sa miji ya kori uwarsa da akwatin sanyi. Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata. Na san irin wannan magana, idan ta zauna ta zauna ke nan, har 'ya'yana sai sun gaje ta. Kuma na san idan Gwaggo ta yanke ƙafa daga gidan, dangin duka sun yanke.

Na tsallaka wajen Malama Rahila da jajayen idanu. Tana tankaɗe a bayan gida, ta saurare ni har na gama, sannan ta ajiye rariyar. Ta ce, "Ƙawata, mijinki ya yi karatu amma nan ya kwafsa. Shi yana ganin hutu ya ba ta, ita kuwa sallama ta ji. Matar da ba ta da ɗa a ɗaki, shekara guda tana jiran ranakun nan da za a yi ta kiran Gwaggo, Gwaggo, sai a aiko mata direba?" Na ce to ni yanzu yaya zan yi, ba ni na aika ba. Ta ce, "Wa ya tambaye ki wanda ya aika? Tashi ki je da ƙafarki. Kada ki shiga mota, kada ki riƙe nama, kuma kada ki je kina wanke kanki."

Haka na yi. Na goya yarinyata, na yafa mayafi, na taka har Tudun Wada a cikin rana. Ina shiga gidan na tsaya ina kallo. Kaskon nan an wanke shi tas an jingine a bakin ƙofarta. Ga itace ɗauri-ɗauri da ta tara, ga ƙwaryar yaji an rufe da faifai, ƙamshin citta da kanumfari ya cika wurin. Ashe tun kafin watan ya kama take shiri. Na yi sallama, ta amsa ba ta ɗago ba. Na durƙusa na gaishe ta.

"Lafiya lau," ta ce. "Ya hutu? Mu ma muna nan muna ta hutawa."

Ta miƙo hannu ta kwance yarinyar daga bayana, ta ɗora a cinya, don fushinta bai kai nan ba. Can ta ce, "Amarya, nama na roƙe ku? Ni da haƙoran nan nawa, cinya guda in yi yaya da ita? Mijin nan naki na yi masa wanki, na yi masa tuwo, na kai shi makaranta yana kuka ina ja. Yau ya samu abin da ya fi ni iya ajiya, shi ke nan, Allah ya sa albarka." Muryar nan mai cika unguwa ta dawo ƙasa-ƙasa, abin da ban taɓa ji ba.

Na ce, "Gwaggo, firjin ya ajiye nama, amma gidan babu daɗi. Ko ɗaya ba mu ci da marmari ba. Naman yana nan ya sandare, ni kuma ban iya suyar da za ta kai cika-ciki ba, ba a taɓa ba ni wuƙa ba balle in koya. Idan ba ki zo ba haka zan tsufa ban iya ba, ita ma wannan da ke cinyarki haka za ta tashi."

Ta ɗago ta dube ni sosai, ina jin ranar ce ta fara kallona da gaske. Ta ce, "Ya sandare kamar yaya?" Na ce kamar dutse, idan aka jefi mutum da shi sai ya ji ciwo. Ta ce, "Nama?" Na ce wallahi. Ta taɓe baki, ta ce in tashi in tafi kada rana ta yi wa yarinya yawa. Ba ta ce za ta zo ba, ba ta ce ba za ta zo ba. Na koma gida zuciyata a rataye.

Da sassafe sai ga muryar nan daga bakin titi, tana yi wa mai ɗauke da kasko faɗa wai tana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Ban san lokacin da na fita ba takalmi ba. Ayarin bai kai na kullum ba, amma an zo. Gwaggo ba ta nufi bayan gida ba, ta ce a nuna mata kishiyar tata tukuna. Na buɗe mata firjin. Ta sa hannu ta janye da sauri, ta ce, "A'uzubillahi!" Ta ɗauko wani curin nama ta ƙwanƙwasa a ƙasa, ya yi ƙara, matan suka fashe da dariya har da masu riƙe ciki. Wuƙa ta ƙi shiga, dole aka baza naman a faranti a rana, manyan mata suka zauna suna gadinsa kada shaho ya sura, suna jira ya saki. Da aka zuba a kasko kuma ya dinga tsartuwa yana fitar da ruwa, Gwaggo na ja da baya tana cewa, "Kun gani ko? An shayar da shi ruwa har ya ƙoshi." A ranar ta miƙo mini wuƙa, ta ce in zauna kusa da ita. Na yanka ya yi kauri ta ce ba tubali ake yi ba, na yanka ya yi siriri ta ce ba kilishi ta sa ni ba. Wallahi faɗan nan ya fi mini kowace irin gaisuwa daɗi.

Maigidana ya dawo ya tarar da hayaƙi ya turnuƙe bayan gida. Ya cire hula, ya zo ya tsuguna a gabanta da manyan kayansa, yana cewa shi don lafiyarta ya yi. Ta bar shi ya gama, tana juya nama. Sannan ta ce, "Ɗanlami, na ji. Amma gajiyata tawa ce, ba kai za ka faɗa mini ita ba. Kuma in kana da magana da ni, ƙafarka ba ta karye ba." Ya ce ya tuba. Ta ce to a kawo mata ruwan sanyin nan da ake ta labari, ta ji ko shi ma ƙarya ne. Ta shanye kofi guda, ta ce a ƙaro.

Daga shekarar aka raba aiki. Firji ya riƙe na miya, kasko ya riƙe sauran, kowa ya tsaya a matsayinsa. Nakan zauna yanzu in yi ta tunanin abin. Mu a da muna ganin yawan rabon da muke yi duk kirki ne. Da kirkin, ba na musu, amma har da zafin rana a ciki, shi yake tura mu ƙofar juna da kwano a hannu. Da sanyi ya shigo gidaje aka daina gaggawa, sai ya zama wanda zai bayar sai ya yi niyya, wanda zai tara mutane sai ya kira su. Haka injin niƙa ya kwashe 'yan matan da ke haɗuwa a bakin turmi, haka famfo ya watse hirar bakin rijiya, haka waya ta sa barka da Sallah ta koma saƙo ɗaya da ake tura wa mutum ɗari. Ba na cikin masu zagin zamani, Allah ya sani. Allurar ciwon sukarina a firji take kwana, ba don shi ba da tuni an yi sadakar arba'in ɗina. Ɗana da ke ƙasar waje kullum ina ganin fuskarsa a tafin hannuna. Matan da suka sha hayaƙi a bayan gidan nan da yawansu da ciwon ido suka ƙare, ban manta ba. Abin da na lura da shi kawai, duk na'urar da ta ɗauke wa mutum wahala takan haɗa da wani abin da ba a yi ciniki da shi ba, kuma ba a gane ya tafi sai gida ya yi shiru. Mu dai Allah ya taimake mu, muna da tsohuwa mai dawo da cinya.

Gwaggo ta yi shekaru masu yawa bayan nan tana zuwa, har na haifi sauran yarana, har muka sayi gidan ya zama namu. A hankali ƙarfi ya ragu. Sallar ƙarshe da ta yi da mu maigidana da kansa ya je ya ɗauko ta, aka shimfiɗa mata tabarma a gindin mangwaro inda za ta riƙa hango murhu. Ta rame, muryar ma ta tafi, sai ido. Matan dangi sun cika wurin kamar kullum, ni ina gefe ina gyara wuta. Da kaskon farko ya yi ja, wata babbar yaya daga Kawaji, wadda tana cikin masu yi mini dariyar alli a da, ta ɗaga murya ta ce, "Gwaggo, a kwashe?"

Gwaggo na kwance lamo, har muka ɗauka barci ya ɗauke ta. Can ta ce, "Ni na gaji. Me kuke tambayata, ga mai kasko nan a tsaye? Hannuna ne a jikinta, abin da ta ce shi za a yi."

Duk suka juyo suna kallona. Hawayen daɗi da tausayi na zuba ban ko share ba. Na matsa na leƙa kaskon, na ɗauki tsoka ɗaya na matsa da yatsa, na ce a ɗan ƙara masa, bai gama tsane ruwa ba. Yayar ta ce to, ta tura itace. Gwaggo ta gyara kwanciyarta ta lumshe ido.